Madubin Dije

A kasuwar Abashe aka fara taya azurfar nan, ina wata bakwai da barin Gumel. Ba sayarwa na kai ta ba. Zama na yi a inuwar wata rumfa ina jiran wanda zai kawo mini gyaran zobe ko munduwa, babu wanda ya zo, gida ya faɗo mini a rai, sai na kwance layar da ke wuyana na fito da ita ina dubawa. Ban ankara ba na ga inuwar mutum ta rufe ni. Wani Balarabe ne dogo, falke irin na Fezzan, ya tsaya a kaina yana kallon hannuna kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

Bari in faɗi abin da ke hannun nawa, don kada in yi ta zuba ba a san kan zancen ba.

Ni Garba, maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari. Azurfa muke ƙerawa, ba garma ba. Shekarar da Turawa suka zo kafa turakun iyaka a wajen Maigatari, wani abin awonsu mai ƙafa uku ya karye, aka aiko Gumel aka ɗauki Baba. Kwana biyu ya yi yana ƙera wata 'yar ƙusar tagulla da ba ta kai ƙwayar gero uku ba, har abin ya tashi. Baturen ya rasa abin da zai ba shi a dajin nan, sai ya ɗauko wani ɗan akwati mai jan ƙyalle a ciki, da kuɗin azurfa guda ɗaya a kwance. Tafinta ya ce wa Baba, in ji Bature, a gefe ake riƙe ta, kada a taɓa fuskarta, kada a wanke, kada a goge. Baba ya karɓi maganar kamar yadda ake karɓar sharaɗin malami a kan laya. Ni kuwa a raina na ce camfin Turawa ne.

Girmanta kusan na liyari, babban kuɗin azurfar da muke narkawa mu yi mundaye. Gefe ɗaya kan wata budurwa ne da gashi ɗaure a ƙeya, ɗaya gefen garkuwa da ganye kewaye. Abin mamakin shi ne filin da ke bayan kan budurwar. In ka duba, idonka kake gani tar, har da gashin ido. Ita kuwa budurwar ba ta ƙyalli ko kaɗan, fara ce fat kamar an barbaɗa mata gari.

Da aka kawo mini Dije daga Ɗanzomo, Baba ya ba ta azurfar kyautar shigowa gida. Gara ta riga ta cinye akwatin, a cikin auduga ake naɗe ta. Dije ta mai da ita madubin sa kwalli. Kowace safiya ta zauna a bakin ƙofa, ta riƙe ta a gefe da yatsu biyu yadda Baba ya nuna mata, ta karkata kai, ido ɗaya kawai ke shiga ciki. In na tsokane ta na ce matar maƙeri ta rasa madubi sai kuɗi, ta ce ai ita ce kaɗai mace a ƙasar Gumel da take duba fuskarta a wurin sarauniya.

Sai babbar yunwa ta zo. Baba ya tafi a cikinta. Matan da muke yi wa mundaye duk suka sayar da su suka sayi hatsi, bayan yunwa ta wuce babu mai kawo aiki. Aka ce a gabas azurfa ta yi yawa har jakuna ake yi wa ado da ita, na yarda. Ranar da zan tafi Dije ta ɗinke azurfar a cikin laya ta rataya mini, ta ce aro ne, in dawo mata da madubinta. Yayanta Mati kuwa ya faɗa a gaban mutane cewa damina huɗu za su jira. In ta huɗu ta wuce aka yi girbi ban dawo ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren, don ba zai bar ƙanwarsa ta tsufa tana jiran iska ba. Ban ji haushinsa ba, na ɗauka damina biyu ma ta ishe ni.

To, Balaraben nan na Abashe ya tsuguna, ya ce in ba shi ya gani. Na ƙi saki, ya duba a hannuna. Da 'yar Hausarsa ta fatauci ya ce an cuce ni, wannan dalma ce aka shafa wa ruwan gilashi, azurfar gaske ba ta haske haka. Amma don tausayi, tunda ni baƙo ne, zai ba ni liyari biyu. Ni da aka yaye a bakin zuga-zugi, wai ni za a nuna wa dalma! Na ce masa ya kama gabansa. Ya ce biyar. Na tashi, ya biyo ni har bakin masallaci, ya ce zai ƙara mini da jaki. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa, wane ne ke ba da jaki a kan dalma? Ni fushi ya hana ni tunani.

Da ya ga ba zan sayar ba, ya ce to in riƙe, ai ga ta nan ta fara baƙi a gefe, nan da shekara ko kare ba zai shinshina ta ba. Wannan maganar ce ta zauna mini. Na duba da kyau, na ga lalle wani shuɗi-shuɗi ya fara kewaye bakinta, mai ɗan ja a ciki. A gidanmu abin kunya ne a ga azurfa ta dushe a hannun maƙeri. Baba ko zoben baƙo ya gani ya yi duhu sai ya karɓa ya wanke kyauta. Na ce ba zan mayar wa Dije madubinta da datti ba. Washegari na roƙi toka wajen wata mai tuya, na sayi lemun tsami, na zauna na yi mata wankin da aka koya mini tun ina ƙarami.

Ta fito tana walƙiya, har kan budurwar ma ya ɗauki haske, na ji daɗi. Sai dai da na duba, idona ya ɗan yi hazo a ciki. Na ce gugar ce ba ta isa ba, Juma'a mai zuwa zan ƙara.

Daga nan abin ya zama mini jiki. Kowace safiya bayan salla, lokacin da na san Dije tana zaune a bakin ƙofa ba ta da abin duba ido, sai in fito da azurfar in dinga shafa ta da babban yatsa. Ba na tunanin komai, shafawa kawai nake yi, in ji kamar na gaishe ta. Ran Juma'a kuma toka da lemo, in babu lemo ruwan tsamiya.

Damina ta biyu ta same ni tsakanin Abashe da Fashir. Babu aikin ƙira, na shiga ƙwadago a gonar wani mutum da ya yi ta kirana ɗan'uwa. Na yi masa noma har girbi, ya sallame ni da buhun gero guda. Sai da na yi tafiyar kwana uku na zura hannu ƙasa na tarar rabin buhun ƙaiƙayi ne. Na zauna a hanya na zage shi da Hausa son raina, babu mai ji sai jakin wani. A wannan ƙasar na ga abin da ban taɓa gani ba, kuka da ake rarake cikinta a tara ruwan sama, kowace da mai ita, a sayar maka da ƙwarya guda kamar nono. Mu da muke ɗiban ganyenta kyauta a bayan gari! Na tsaya a gindin wata na tsinki ganye na tauna, don kawai in ji ɗanɗanon gida, mai kukar ya ɗauka na taɓu.

Na shiga Fashir da zazzaɓi. Abin da na iya tunawa, na faɗi a gefen kasuwa, na ji muryar mace a kaina tana cewa da Hausa, Hausar ma irin tamu, wannan kuma ɗan waye? Inna Ladi ke nan, mutuniyar Maigatari, ta fito aikin hajji da mijinta shekara ashirin da suka wuce, ya rasu a nan, ita kuma ba ta ci gaba ba, ba ta koma ba. Waina take soyawa. Ta sa aka ɗauke ni zuwa gidanta, ta yi jinyata wata guda. Ranar da na fara iya zama ta yi mini tuwon gero da miyar kuka da daddawar da ta haɗa da kanta. Na kai loma ɗaya baki, hawaye ya hana ni ta biyu. Ta juya baya tana gyara wuta.

Kullum sai ta tambaye ni mutanen Maigatari, wane yana nan, wance ta yi aure? Rabin waɗanda take tambaya sun mutu tun ina yaro, na dinga ce mata suna nan lafiya. Ita ce ta fara ganin abin da nake yi da safe. Ta ce, “Ɗan nan, ka bar abin nan ya huta. Dutsen niƙa ma ƙarewa yake yi.” Na ba ta labarin Dije da damina huɗu. Ta ajiye ludayi ta ce in juya tun yanzu, kowa ya bar gida gida ya bar shi, in dube ta in gani. Na ce, Inna, in koma da me? Na fito da kayan ƙira, yanzu zuga-zugina ma na sayar. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni juyawa. Na fi tsoron dariyar Mati a kan komai, kuma ga damina biyu a gabana, na ga kamar da yawa.

Na ci gaba gabas har Umdurman, garin da ba ya tambayar sunanka. Duk baƙin da suka fito daga yamma suna ɗaya suke kiranmu da shi, ko kai Bahaushe ne ko Babarbare. Na yi dako a bakin kogi, na yi ɗiban ruwa, na kwana a rumfunan kasuwa. Wata rana ina wucewa ta layin masu canjin kuɗi, na ji wani tsoho yana zuba liyari a kan allon dutse yana karɓa daga hannun wani baƙauye. A cikin ƙarar na ji guda ɗaya ta yi gum. Bakina ya riga hankalina, na ce da guntun Larabcina akwai ta banza a ciki. Tsohon ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya sake zubawa, ya ce in nuna. Na tsamo ta. Ya kankare gefenta, sai ga dalma.

Sunansa Hawaja Ilyasu, mutumin Sham ne, Kirista, gajere mai tumbi, ga faɗa kamar zakara, amma bai taɓa cin abinci ya bar ni ina kallo ba. Ya ɗauke ni aikin tantance kuɗi. Abin da yake ba ni bai wuce na ci da sutura da ɗan abin ajiyewa ba, amma na samu inuwa. A wurinsa na san ashe kunne kaɗai na iya. Ya koya mini duban gefe, duban nauyi, da yadda ake gane liyarin da ya sha hannu ta wajen 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar matar da aka buga a jikinsa, in sun shafe Larabawan ƙauye ba sa karɓa. In na yi kuskure ya ce kaina kan raƙumi ne, in na yi daidai ya ce sa'a ce.

Wata rana bayan damina ta uku ta wuce, wani ya kawo masa ɗan akwati. Ina ganin jan ƙyallen da ke ciki gabana ya faɗi. Hawaja ya wanke hannu, ya goge, ya ɗauko kuɗin a gefe da yatsu biyu, daidai yadda Dije take yi. Ya kira ni ya ce in zo in ga abin da ba zan ƙara gani ba sai an daɗe, amma in na yi numfashi a kansa zai kore ni.

Ya ce kuɗi iri biyu ne. Akwai na kasuwa, waɗanda ake bugawa dubu-dubu, bugu ɗaya, su faɗa kwando suna gogar juna tun ranar haihuwarsu. Akwai kuma irin wannan, da ba don ciniki ake yin su ba. Ana goge ƙarfen bugun har ya zama madubi, a goge azurfar ita ma, a buga a hankali sau biyu ko fiye, a ɗauke da ƙyalle a sa a akwati. Kaɗan ake yi, don sarakuna da manya. Ya nuna mini alamomin ɗaya bayan ɗaya: filin yana nuna fuska, hoton kuwa fari ne ba ya ƙyalli, bakin yana da kaifi a tsaye kamar an yanka da wuƙa, kowane silin gashi a rarrabe. Har shuɗin da ya kewaye bakin ya nuna mini, ya ce masu neman irinsu suna son wannan, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Akwai Turawa a hayin kogi da suke tara su, suna biyan abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Na tambaye shi, in aka wanke fa? Ya ce wanda ya wanke irin wannan ya kashe ta. Ko da ƙyallen alharini ne, ya bar zane. Balle jahilan da suke sa toka.

Na koma wurin zamana na ci gaba da zuba liyari a kan dutse, ban ji ƙarar ko ɗaya ba. Ban nuna masa tawa ba. Na daina toka daga ranar, amma shafawar safe na kasa bari. Sau biyu na yi rantsuwa, sau biyu na yi kaffara.

Ana nan sanyi ya fara shigowa, sai ga ayarin mahajjata daga ƙasarmu. Na je unguwar da suke sauka ina tambaya ko akwai na wajen Gumel, aka nuna mini wani Malam Audu na Gagarawa. Da na faɗi sunana ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce ya san Dije, ya ga Mati a kasuwar Maigatari kafin ya taso, shekara guda ke nan. Dije tana nan a ɗakina, ta ƙi komawa Ɗanzomo, saƙar faifai take yi tana ci. Amma Mati bai sauya magana ba, girbin damina ta huɗu shi ne iyaka, kuma akwai masu tuntuɓa. Ya ce in ina da hali in tashi yanzu.

Hanya biyu ce. Mai abin hannu ya hau jirgin ƙasa zuwa Ubayyid, ya biya raƙumi a ayarin da ke tashi da sanyi kafin rijiyoyi su ƙafe, wata biyar ko shida yana gida, kafin ma a yi shuka. Marar shi ya taka da ƙafa, yana tsayawa yana ƙwadago, shekara biyu in Allah ya kiyaye. Abin da na ajiye ko rabin kuɗin raƙumi bai kai ba. Na ce gara in je wa Dije ba madubi da in bar ta da jiran madubi ba miji.

Da safe na kwance layar na ajiye azurfar a gaban Hawaja. Ya ɗauka da sakaci kamar kowane kuɗi, ya juya gefenta, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wata mai irin hoton, tsohuwa da ta sha kasuwa, ya haɗa su. Ta kasuwar akwai rubutu a zagaye da kaurin gefenta. Tawa sumul take, ba rubutu. Ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ya ce in duba tsakanin haruffa. A can cikin lungunan da yatsa ba ya kaiwa na ga ɗigo-ɗigon madubi sun rage. Sauran filin duk zane ne, sirara, dubbai, sun bi ta kowace fuska. Gashin budurwar ya shafe, kumatunta ya lafe.

Ya ce, “Wa ya yi mata haka?”

Na ce ni ne.

Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce da na kawo ta yadda aka ba mahaifina, yau da yamma zai haye kogi da ita, gobe in sayi raƙumi nawa na kaina, ba haya ba. Yanzu kuwa nauyin azurfarta kawai ta rage, da ɗan abin da ba a rasa ba.

Ban haƙura ba, taurin kai gadonmu ne. Na ce ni maƙeri ne, ya ba ni kwana uku in dawo mata da haskenta, akwai dutsen guga da muke sa azurfa ta yi kamar ruwa. Ya ce zan iya sa ta ƙyalli, amma hoton da filin za su yi haske iri ɗaya, duk wanda ya san abin da kallo ɗaya zai gane, wanda bai sani ba kuwa shi ba zai sayar masa da ƙarya ba. Abin da aka goge ya tafi, ba a mayar da shi. Garin neman gira na rasa ido, ni da hannuna, da sana'ar ubana.

Ya tambaye ni me ya sa na yi ta shafa ta haka, tunda wanki ɗaya bai isa ya cinye gashin ba. Na gaya masa. Tsohon nan mai faɗa ya tura mini ita ya ce in mayar cikin layata, ba zai saya ba. Ya sayi tikitin jirgi zuwa Ubayyid da kuɗinsa, ya ba ni takalma da salkar ruwa, ya ce in tafi kafin ya canza ra'ayi, kan raƙumi kawai.

A Ubayyid na ga ayarin yana ɗaura kaya. Na roƙi madugun ya ɗauke ni ko mai jan akala, ya ce yana da mutanensa. Na bi su a ƙafa kwana tara, ƙafata ta fashe, suka yi mini nisa. Sauran tafiyar ba ta da daɗin faɗi. Damina ta huɗu na yi ta a gonar wani a yammacin Fashir, ina noma ina kallon hadari yana tafiya yamma, ina cewa wannan zai riga ni isa. Inna Ladi na tarar ta rasu, wata ce ke tuya a gurbinta. Ranar da aka fara yankan gero na san wa'adi ya cika, na zauna a kan kunyar gona na yi kuka kamar mace ta rasa ɗa. Duk da haka na ci gaba da tafiya, don ban san inda zan nufa ba in ba can ba. Damina ta biyar ta riske ni a Barno.

Na shigo ta Maigatari ranar kasuwa, rumbuna cike da sabon gero. Babu wanda ya gane ni. A Gumel na tarar ɗakina a rufe, faifai guda da ba a gama ba yana rataye a bango. Maƙwabciyarmu ce ta gaya mini. Da wa'adi ya cika Mati ya zo, Dije ta ce a ƙara mata damina ɗaya, suka yi ta rigima har ta daina gaishe shi. Ta zauna ta biyar ɗin ita kaɗai. Da aka yi girbi ba labari, wani ma ya ce ya ji na mutu a hanya, ta bi Mati gaban alƙali da ƙafarta. Bayan idda aka ɗaura mata aure da wani manomi a Sule Tankarkar. Kwana ashirin da tarewa.

Na yi mako ban fita ba. Sannan na ce aro aro ne, na kama hanya.

Mijin mutumin kirki ne, ban samu abin ƙi a wurinsa ba, ko da yake na nema. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya shiga ya yi mata magana, shi kuma ya koma waje ya zauna a inda muke ganinsa. Da la'asar ne. Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofar ciki, ta gaishe ni kamar yadda ake gai da baƙo, ta tambayi hanya, na ce alhamdu lillahi. Ta rame. Idonta babu kwalli.

Na kwance layar na ajiye azurfar a kan tabarma, na tura gabanta. Ta ɗauka a gefe da yatsu biyu, ta karkata kai yadda ta saba, ta kai ta wajen ido. Ta juya ta wajen hasken ƙofa, ta sake dubawa.

Ta ce, “Ba na ganin komai.”

Na ce, “Na sani.”

“Baba ya ce kada a taɓa fuskarta.”

“Na taɓa.”

Ta dubi inda gashin ya shafe, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Sau nawa?”

Na ce, “Kullum da safe.”

Ta ɗora babban yatsanta a kan kumatun budurwar, daidai inda nawa ya cinye, ta shafa sau ɗaya. Sannan ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta ce in gai da mutanen Gumel, ta tashi ta shiga ciki.